Muryar Inusa a Injin Jiratawa

Ruwan farko ya sauka a Maraɗi wata Laraba da hantsi, kuma kafin ƙasa ta gama shanye shi Alhaji Nata'ala ya aiko a kira ni. Ban yi mamaki ba. Duk wanda ya yi aiki da mai sayar da iri ya san ranar da ruwa ya zuba hankalinsa ba ya jikinsa, yana can gonakin mutane.

Sunana Tahira, ni ke riƙe da injunan gidan irin Alhaji, wato kwamfutocinsa. Uku ne: ɗaya a biro, ofishinmu na Sabon Gari, ɗaya a magazar Tsibiri inda muke ajiye iri muna sayarwa, ɗaya a ta Jiratawa. Kowannensu yana ɗauke da jadawali iri ɗaya na manoman da ke karɓar iri a wurinmu, suna da gari da lambar waya. An yi su uku ne don in kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke a nan, ko reso na sadarwa ya yanke a can, kada aiki ya tsaya. Kuma injunan nan sun fi mutane da yawa da na sani zumunci. Da zarar sun ji juna sai su hau gwada abin da ke hannunsu, wanda ya ga ɗan'uwansa ya rasa wani abu sai ya miƙa masa, ba sai an roƙe shi ba.

Akwai wani abu a jadawalin da ni na kawo shi, kuma har gobe ina alfahari da shi. Yawancin manomanmu ba sa karanta saƙon waya, ga gida guda waya ɗaya, ga sunaye sun yi kama. A Tsibiri kaɗai in ka tsaya bakin kasuwa ka ce Maman Lawali, sai ka rasa wanda za ka kalla cikin masu waiwayowa. Don haka in manomi ya zo rajista sai ya faɗi sunansa da bakinsa a naɗa. Ranar da iri ya iso inji zai kira shi, abin da zai fara ji muryar kansa ce tana faɗin sunansa, sannan saƙon ya biyo baya. Ba mai cewa ba shi ake nufi ba. Tsofaffi har dariya suke yi, wai ga su suna kiran kansu a waya.

Yayana Inusa yana cikin manoman nan. Shi ke noman gonar gidanmu a Tsibiri tun rasuwar mahaifinmu. Farkon azumin bana zazzaɓi ya kwantar da shi, ƙato mai ƙarfi da ba ya ko ciwon kai, kafin mu gama cewa zai tashi Allah ya karɓi abinsa. Wayarsa ta koma hannun Inna, mahaifiyarmu Tsahara, da yake tata ta daɗe da lalacewa. Da aka tashi daga zaman makoki na koma biro, na nemo sunansa, na goge shi da hannuna. Ban yarda wani ya yi mini wannan ba.

A irin waɗannan injuna, in ka goge abu ba ɓacewa yake yi nan take ba. Inji yana dasa alama a gurbinsa mai cewa wannan an goge shi, don wanda ba ya nan lokacin ya ji labari in ya dawo. Amma alamar ba ta dawwama. Kwana goma take yi, sai a share ta ita ma. Wanda ya dawo bayan haka ba abin da zai gaya masa an yi gogewa. Kamar matafiyi ne da ya iso gida bayan an naɗe tabarmin ta'aziyya, ya shigo da fara'arsa yana tambayar ina wane.

To injin Jiratawa a kashe ya yi azumin nan kaf. Na kira mai kula da magazar can, Abdulmutallib, abokin Inusa tun na yarinta, har na gaji. Yau ya ce reso, gobe ya ce insha Allahu jibi. Da na ga wa'adin alamar ya wuce sai na ja masa kunne: kada ya sake ya kunna injin nan sai ina wurin. Ya ce ya ji. Bayan salla da 'yan kwanaki ya kunna shi da rana tsaka, wai don ya faranta mini rai. Injin ya farka, ya duba 'yan'uwansa, ya ga sun rasa mutum ɗaya, ya miƙa musu Inusa. A ranar kuma inji ya kira manoma da sanarwar cewa rajista ta kusa.

Inna tana tankaɗe a tsakar gida wayar ta yi ƙara. Ta ɗauka, ta ji: "Inusa Lawali, Tsibiri." Da muryarsa, har da 'yar dariyar da ya yi a ƙarshe ranar da aka naɗa. Maƙwabta ne suka same ta kife a kan rariya. A gidan likita aka ce hawan jini ne, kuma likitan ya ja ni gefe ya ce tsohuwar nan ba za ta iya ɗaukar irin wannan sau biyu ba. Da ta buɗe ido ba ta yi mini faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi mini sauƙi. Cewa ta yi, "Tahira, aikin naku ne ke kiran matattu?" Na riƙe hannunta na ce mata wayar nan ba za ta ƙara kiranta da muryarsa ba. Ta ce a bar mata wayar, ba ta son a canza ko lamba, ta nan dangi ke samunta.

Na sake goge sunan a ranar. Maraɗi ta karɓa, Tsibiri ta karɓa. Jiratawa kuwa tun kafin magariba ta riga ta sake mutuwa, da Inusa a cikinta.

Haka abubuwa suke ranar da Alhaji ya kira ni. Na same shi a kan kujerarsa tsakanin buhunan hatsi da na wake, yana ta murza carbi da sauri kamar shi ma yana son ya gama ya tafi gona.

"Ɗiyata, kin ga abin da Allah ya yi muna," ya ce. "Share jadawalin bara yau, gobe a hwara sabuwar rajista."

Kowace shekara haka muke yi. Lambobi suna canzawa, wasu sun yi ƙaura, wasu sun rasu, sai a wofintar da jadawalin gaba ɗaya kowa ya zo ya sake faɗin sunansa.

Na ce, "Alhaji, injin Jiratawa a kashe yake."

"Biyu na kunne ko?"

"Suna kunne."

"To biyu ai sun rinjayi ɗaya. Share biyun, in na ukun ya tashi ya bi 'yan'uwanshi."

Na yi dariya, don Alhaji mutum ne da ake iya yi wa dariya in an san abin da ake faɗi. "Ranka ya daɗe, ba shi zai bi su ba, su za su bi shi. Share jadawali gaba ɗaya ba kamar goge suna ɗaya ba ne, ko alama bai bari. In na tilasta wa biyun nan suka share, ranar da Jiratawa ta tashi za ta ga 'yan'uwanta hannu wofi, ta juye musu bara dut a kan bana. Wanda ya yi ƙaura ya dawo, wanda ya mutu ya dawo."

Ya daina murza carbin. Shi da kansa ya je gaida Inna a gidan likita, ya san mutum ɗayan da nake nufi.

"Manomi bai jira, Tahira," ya ce a hankali. "In gobe ba mu buɗe ba, wani gidan za su tahi. Ƙasa ta jiƙa."

"Gobe za a buɗe. Ka ba ni yinin yau kawai, in tahi Jiratawa da ƙahwata."

"Kin tabbata?"

"In ban tabbata ba ai ba ni hwaɗi gabanka."

Ya kalle ni, ya girgiza kai, ya ce bakina irin na ubana ne, Allah ya jiƙansa. Ya ce in ɗauki mota. Na ce motar da ke jiran a sauke mata buhu ba za ta kai ni kafin azahar ba. Kafin in fita na shiga biro na kashe abin da ke kiran manoma, don ko da wani abu ya kuɓuce kada waya ta yi ƙara a gidan kowa. Na jefa faifan ajiyar bayanai a jaka, na tare ɗan kabu-kabu, mai babur ɗin haya, a bakin titi.

Hanyar Jiratawa ranar ruwan farko daɗi gare ta. Ƙasa na ƙamshi, mutane sun fito da kwando da sungumi tun kafin a ce musu iri ya zo. Ɗan kabu-kabun ya yi ta ba ni labarin gonar kawunsa, ni kuwa ina ta jera abin da zan yi a kaina. Ban ji tsoro ba. Aikin nan na san shi ciki da waje, abin da ban sani ba shi ne dalilin da ya sa babban mutum kamar Abdulmutallib yake ta yi mini hanya-hanya.

Magazarmu tana bakin lambuna, inda zogale ya yi layi-layi kore shar ko da rani. Na same shi a ƙofa yana gyara buhuna. Da ya gan ni sai ya miƙe ya hau gaisuwa, ya tambayi Inna, ya tambayi Alhaji, ya tambayi ruwa, ya koma ya sake tambayar Inna. Na bar shi ya gama, na wuce ciki. Ga inji a kan teburi an lulluɓe shi da sabon zane tsaf, kamar kayan ɗakin amarya. Ga wayoyin na'urar hasken rana sun sauko daga rufi suna lilo. Inda batir yake zama kuwa ba komai sai shatinsa a ƙasa.

"Yaya Abdulmutallib, ina batir?"

Ya sosa ƙeya. "Shina masallaci."

"Mi yake yi a masallaci? Salla?"

Sai a lokacin labarin ya fito. Ana gobe azumi batirin lasifikar masallacin unguwar ya mutu, ga tafsiri za a fara. Liman ya aiko a ara musu na magaza. Abdulmutallib ya ga azumi ne, ba a sayar da iri, ya ba su da niyyar kwana biyu. Ranar farko da aka buɗe tafsiri, mai sanarwa ya tashi a gaban jama'a ya ce Alhaji Nata'ala na Maraɗi ya ba masallaci sadakar batir, a yi masa addu'a. Aka ɗaga hannu, aka shafa. Kowace rana sai an maimaita, har ranar idi.

"To ki hwaɗa mini, ƙanwata," ya ce. "Da wane baki zan je in ce a maido sadakar da anka yi wa addu'a wata guda? In ce Alhaji ya hwasa?"

"Ranar da ka kunna fa?"

"Ɗaukowa na yi bayan azahar, na ce zan duba mashi ruwa. Na ce bari in kunna miki ko na awa ɗaya ne ki ji daɗi. Kahin magariba na maida." Muryarsa ta karye. "Wallahi da na san abin da zai biyo baya, da hannuna ya bushe ban taɓa shi ba. Tun ranar ban iya zuwa gaida Inna ba."

Na zo da faɗa cike da bakina, amma da na kalle shi sai ya tsiyaye. Mutumin nan shi ya shiga kabari ya karɓi Inusa. Kunya ce ta ɗaure shi, ba mugunta ba, kuma kunya irin wannan ba a kwance ta da tsawa.

Na fita waje na kira Alhaji. Na ce, "Ranka ya daɗe, albishirinka. Wata guda ana yi maka addu'a a Jiratawa kan sadakar da ba ka san ka bayar ba." Da na gama ba shi labari sai ya fashe da dariya har da tari. Ya ce addu'ar da aka riga aka shafa ba ya mayar da ita, batir ya zama na masallaci halak malak, gobe za a kawo wa magaza sabo.

Na ce, "Na gode, amma ni yau nake so."

Ya ce, "To wannan kuma tsakaninki da Liman."

Ban je wurin Liman ba, gidansa na shiga. Na sami uwargidansa Rahmatu tana tsinke zogale, na zauna na sa hannu, muka gaisa. Na gaya mata komai yadda yake, har da rariyar da aka sami Inna a kanta. Ba ta bari na kai ƙarshe ba ta ajiye tiren ta leƙa zaure. Ban ji abin da ta ce ba, na dai ji Malam yana salati. Da aka idar da azahar sai ga batir a kan baro, tare da saƙon cewa a yi aiki da shi a dawo da shi kafin kiran la'asar.

Abdulmutallib ya haɗa wayoyi, ya kai hannu zai kunna.

"Tsaya!" na ce. Na zagaya bayan injin na zare wayar da ke haɗa shi da waje. "Shi kaɗai zai tashi tukuna. Bai magana da kowa sai na ga abin da ke cikinshi."

Ya kunna. Injin ya yi 'yar ƙararsa ya farka, bai san an yi salla ba balle ruwa. Na buɗe jadawalin. Ga bara nan cif, ba abin da ya taɓa ta. Na sauka har kan sunan, ga shi: Inusa Lawali, Tsibiri, da lambar da ke hannun Inna yanzu.

Ban yi niyyar saurara ba. Amma Abdulmutallib yana tsaye a bayana yana numfashi kamar wanda ya yi gudu, sai na ji yatsana ya danna. "Inusa Lawali, Tsibiri." Sai 'yar dariyar. Na tuna ranar, ni ce na ce masa ya faɗa da ƙarfi kamar namiji, shi ya sa ya yi dariyar. Abin ya soke ni har cikin ƙashi. Abdulmutallib ya fita waje, na ji yana fyace hanci. Ni ma na yi kukana, gajere, na goge fuska da gefen mayafi na koma kan aiki.

Na fiddo faifan ajiya na kwashe jadawalin bara kaf a ciki. Ba a share abu irin wannan ba tare da an ajiye kwafinsa ba, don wata rana wani zai zo ya ce bara wane iri ya karɓa. Amma faifan ba shi da waya, ba shi da reso, ba ya iya kiran kowa. A akwatin ƙarfen Alhaji zai zauna. Na buɗe kwafin na tabbatar yana karantuwa, sannan na zare shi na sa a jaka.

Sai na mayar da wayar bayan injin. Maraɗi ta amsa nan da nan. Na rubuta umarnin share jadawali, na danna. Inji ya ƙi. Ya ce Tsibiri ba ta amsa ba, shi kuwa ba ya share komai sai kowa na nan. Abdulmutallib da ya dawo ya ce, "Shi ke nan, ya lalace?" Na ce lafiyarsa lau, wannan taurin kan nasa shi na fi so a jikinsa.

Na kira Saudatu, mai kula da magazar Tsibiri. Ta ce iskar da ta zo da ruwan safe ta juya musu abin kama reso a kan rufi, an je neman tsani. Na ce ina jira. Muka zauna. Rana ta fara karkata, inuwar ƙofar magaza ta yi ta tsawo a ƙasa. Abdulmutallib yana kallon batir, yana kallon hanyar masallaci.

"Akwai hanyar da za a tilasta mashi?" ya tambaya.

"Akwai."

"To ki yi mana, la'asar ta matso."

"In na yi, abin da Jiratawa ta yi muna shi Tsibiri za ta yi gobe. Ba ni share biyu in bar ɗaya, ko wace ce ɗayar."

Can sai muka ji kiran salla, ba lasifika, muryar ladan tsirararta tana ratsowa ta cikin lambuna. Abdulmutallib ya dafe kai. Ba a jima ba wani dattijo da zai wuce masallaci ya leƙo ya ce Liman ya ce mu ci gaba da aikinmu, kafin a ƙirƙiro batir ma ana kiran salla.

Bayan an idar Tsibiri ta amsa. Uku cif, kowacce na jin 'yar'uwarta. Na yi bisimilla na danna. Abin bai ɗauki lokacin shan ruwa ba. Amma ni ba na yarda da inji don ya ce ya gama. Na tambayi Maraɗi ita kaɗai ko akwai saura, ta ce babu. Na tambayi Tsibiri, babu. Na tambayi Jiratawa, babu. Sannan na sa su gwada hannunsu da juna, wannan zumuncin nasu da ya ja mana, na zuba ido in ga ko wani zai miƙa wa wani abu. Ba wanda ya miƙa komai. Na kashe na Jiratawa na sake kunnawa, na sake tambaya, babu.

Na kira Alhaji na ce gobe a buɗe rajista. Na ce wa Abdulmutallib daga yau in liman ko sarki ko waye ya zo aron batir, ya ce Tahira ta hana, bakina zai ɗauka. Kuma ya shirya ya je ya gaida Inna, ta tambaye shi har sau biyu.

Aka buɗe rajista washegari. Mutane suka yi ta tururuwa a magazu ukun, kowa na faɗin sunansa a sabon jadawali. Ni kuwa kowace safiya kafin in taɓa komai sai na nemi sunan Inusa da lambarsa a injuna ukun, ɗaya bayan ɗaya. Babu. Ana gobe za a kira manoma su zo su karɓi iri na sake dubawa kafin in tashi daga aiki, babu.

Ranar kiran ban zauna a biro ba. Na saita komai ya tashi bayan azahar, lokacin da za a rufe rajista, na hau kabu-kabu na tafi Tsibiri. Ba don ina shakka ba. So nake in kasance kusa da ita lokacin da wayoyin gari za su yi ta ƙara, tata ta yi shiru.

Na sami Inna a ƙarƙashin rumfa tana ɓare gyaɗa, ta rame amma idonta ya dawo. Wayar na gefenta a kan tabarma. Muka gaisa, ta tura mini kwanon fura. Ta ce Abdulmutallib ya zo, ya kasa haɗa ido da ita, har sai da ta ce masa in bai ci tuwonta ba ba ta yafe ba. Ta tambaye ni aiki, na ce lafiya lau.

"Yau ne ko?" ta ce.

"Yau ne, Inna. Ki kwantar da hankalinki."

"Hankalina kwance shike."

Aka yi azahar. Ba a daɗe ba wayar maƙwabcinmu ta yi ƙara ta bayan katanga, muka ji muryarsa tana faɗin sunansa, yaransa suka kwashe da dariya. Sai ta gidan gaba. Sai wata can nesa. Na ci gaba da shan furata ina jin daɗi a raina, daɗin wanda ya yi aikinsa ya san ya yi.

Sai wayar Inna ta yi ƙara.

Ludayin ya faɗi daga hannuna. Lambar gidan irinmu ce a fuskar wayar, na san ta kamar sunana. Cikin ƙiftawar ido na bi duk abin da na yi a Jiratawa, ban ga inda na bar ƙofa ba, amma ga waya tana ƙara. Na kai hannu zan fizge ta, Inna ta riga ni.

"Inna, kar ki ɗauka!"

Ta dube ni, ta danna, ta ɗora wayar a tafin hannunta tsakaninmu.

Muryar tsohuwa ce ta fito, tana ɗan rawa amma a tsaye take. "Tsahara, uwar Inusa, Tsibiri." Sannan saƙon ya biyo, iri ya iso, a zo a karɓa.

Na ɗago na dubi Inna.

"Da sahe na tahi wurin Saudatu," Inna ta ce, tana mayar da wayar kan tabarma. "Gonar ga ba ta kwana ba shuka don mai ita ya tahi. Na sa an nemo masu yi mini aiki. Ta ce in hwaɗi sunana, na ce Tsahara. Ta ce Tsahara da yawa a garin ga, wace?"

Ta ɗauki gyaɗa ɗaya ta riƙe, ba ta ɓare ba.

Inusa ɗan farinta ne. Tun da na buɗe ido a gidan nan ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. Yaron nan take cewa, ko yayanki, ko ta yi gyaran murya ya gane da shi take. Ko ranar da aka fita da shi ba ta faɗa ba.

"Shekara nawa ina jin kunyar sunan ga," ta ce. "Yau na ce bari in hwaɗe shi ko sau ɗaya, tunda ba ya nan balle ya ji."

Na kifa kaina a cinyarta na yi kukan da na taƙaita a Jiratawa. Ta bar ni na yi, tana shafa bayana, sannan ta ce in tashi in wanke fuska in raka ta magaza, kada irin wake mai kyau ya ƙare kafin mu isa.